Shafin kwatanta farashi dillali ne, a yi masa riƙon dillali

Duk wanda ya taɓa shiga kara sayen rago ya san amfanin dillali. Yana zagayawa da kai, ya nuna maka dabbar da ba za ka gano da kanka ba, ya rage maka yawo cikin rana. Amma ka san la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, kuma ba zai ja ka wurin mai ragon da ba sa ɗasawa da shi ba. Da wannan idon nake so 'yan uwanmu mazauna Birtaniya, da masu shirin tafiya karatu ko aikin asibiti da kula da tsofaffi, su riƙa kallon shafukan nan na kwatanta farashi: MoneySuperMarket, Compare the Market, Confused.com, GoCompare da Uswitch. Suna da amfani ƙwarai. Wanda bai bi ta kansu ba wajen sayen inshorar mota ko zaɓen kamfanin wuta da gas, kusan kullum yana biyan fiye da kima. Wanda kuma ya ɗauke su alƙalai, ya danna na saman jeri ido rufe, shi ne ake ji daga baya yana cewa an cuce shi.

Ba ka biyan shafin ko sisi. Kamfanin da ka saya a wurinsa ta hanyar shafin shi ke biyansa la'ada, kuma daga nan abubuwa biyu suke fitowa. Na farko, kamfanin da bai ƙulla da shafin ba, ba za ka gan shi a jerin ba komai sauƙinsa. Kamfanin inshora Direct Line ya shafe shekaru yana tallan cewa ba ya kan waɗannan shafukan, sai a ƙarshen 2024 ya fara shiga. Na biyu, kamfani ɗaya yana iya ba ka farashi daban a shafuka biyu a rana guda, domin kowane shafi da tasa yarjejeniyar da kuma yadda yake jera tambayoyinsa. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar, CMA, ta yi nazarin waɗannan shafuka a 2017, kuma shawarar da ta ba jama'a ita ce a gwada fiye da ɗaya. A 2020 ma ta ci tarar Compare the Market fam miliyan 17.9 kan wani sharaɗi da ya hana kamfanonin inshorar gida sayarwa da araha a wasu shafukan, kodayake kotun ɗaukaka ƙara ta harkar gasa ta soke tarar a 2022.

Yana da kyau kuma a san wa ke da wa. Confused.com da Uswitch gida ɗaya suke tun 2021. MoneySavingExpert, shafin ba da shawara da Martin Lewis ya kafa a 2003, kamfanin MoneySuperMarket ne ya saye shi a 2012, shi ne kuma ya sayi Quidco, shafin da ke mayar wa mai saye wani kaso na kuɗinsa, a 2021. Wannan bai rage darajar shawarwarin MoneySavingExpert ba. A ganina har yanzu babu inda ya fi shi bayanin haƙƙin mai saye dalla-dalla, kuma suna sa alamar tauraro a jikin duk mahaɗin da za su sami kuɗi idan ka bi ta kansa. Wani abu da ya kamata kowa ya riƙe: Martin Lewis ba ya talla. Duk bidiyo ko hoton da ka gani da fuskarsa ana kiran ka zuba jari, na 'yan damfara ne. Har ƙarar Facebook ya shigar a 2018 saboda irin waɗannan tallace-tallace, aka sasanta a 2019 bisa cewa kamfanin zai ba ƙungiyar ba jama'a shawara, Citizens Advice, fam miliyan 3 don yaƙi da zamba.

Inshorar mota ita ce inda kuɗi ya fi yawa, nan ne kuma mutanenmu suka fi ƙonewa, don haka a nan zan daɗe.

Fara da lokaci. Kamfanonin suna kallon mai neman inshorar da za ta fara gobe a matsayin mai gaggawa, kuma lissafinsu ya nuna musu masu gaggawa sun fi jawo asara, sai su ɗora musu. Binciken da MoneySavingExpert ke yi a kai a kai yana nuna farashi ya fi faɗuwa idan ka nema saura sati uku zuwa huɗu tsohuwar ta ƙare. Ka saya a ranar, ka sa ranar farawa ta zo daidai da ranar ƙarewar tsohuwar. Kada ka bar gibi ko na kwana ɗaya: tuƙi babu inshora tarar fam 300 ce da makin laifi 6 a lasisi, ana iya kwace motar, kuma wanda bai cika shekara biyu da cin jarrabawar tuƙi ba, maki 6 sun isa a soke lasisin nasa ya koma farko.

Tun 1 ga Janairu 2022 hukumar kula da harkar kuɗi, FCA, ta hana kamfanonin inshorar mota da ta gida cajin tsohon abokin ciniki fiye da abin da za su caji sabo mai irin bayanansa ta hanya ɗaya. Mutane da yawa sun fahimci dokar a karkace, suna zaton yanzu babu buƙatar yawo. Dokar ta ɗaure kamfaninka ne da farashinsa na kansa kawai, ba ta ce nasa ya zo daidai da na maƙwabcinsa ba. Takardar sabuntawa tana zuwa da farashin bara a gefen na bana. Riƙe ta a hannu, ka cika shafuka biyu ko uku, sannan ka buga wa kamfaninka waya ka karanta musu abin da ka samu. Sau da yawa suna sassautowa. In ba su sassauto ba, ka gaya musu su kashe sabuntawa ta kai tsaye, ka nemi shaidar hakan a rubuce, domin wasu sun wayi gari an cire musu kuɗin inshora biyu a kan mota ɗaya.

Yanzu tambayoyin. Farashin da ka gani ɗa ne na amsoshin da ka bayar, kuma dokar 2012 kan bayanan mai sayen inshora ta ɗora maka nauyin yin hattara kada ka faɗi abin da ba haka ba. Idan suka gano da gangan ka karkata, suna iya soke inshorar tun daga tushe, su ƙi biyan komai, su riƙe kuɗinka. Bayan haka kowane fom zai tambaye ka ko an taɓa soke maka inshora, kuma amsar "eh" tana bin mutum da tsada shekara da shekaru.

Tambayar da ta fi kayar da masu aikin kula da tsofaffi ita ce ta amfanin mota. Akwai matakin zirga-zirgar gida da ziyara kawai. Akwai wanda ya haɗa da zuwa wurin aiki guda ɗaya da dawowa. Akwai na harkar aiki. Matar da take fita da safe ta bi gidaje shida tana duba tsofaffi, ba zuwa wurin aiki ɗaya take yi ba, matakin harkar aiki take buƙata. Ƙarin kuɗin sau da yawa ba shi da yawa, amma idan ta yi karo tsakanin gida na uku da na huɗu da inshorar mataki na biyu, kamfani yana da hujjar juya mata baya. Mai kai abinci ko kaya don a biya shi, shi nasa daban ne gaba ɗaya: inshorar ɗaukar kaya don lada yake buƙata, kuma ko matakin harkar aiki bai rufe shi ba.

Sai lasisi. Mai lasisin Najeriya yana da wata 12 daga ranar da ya zama mazaunin ƙasar ya yi tuƙi da shi. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake musanya lasisinsu kai tsaye, saboda haka kafin shekarar ta cika dole ya nemi na koyo, ya ci jarrabawar rubutu da ta hanya. A fom, kada ka zaɓi cikakken lasisin Birtaniya alhali na gida ne a aljihunka, kada kuma ka zuba shekarun tuƙinka na Kano ko Abuja a gurbin da ake tambayar shekarun lasisin Birtaniya. Haka rangwamen shekarun da ba ka nemi diyya ba: yawancin kamfanoni ba sa karɓar wanda aka tara a waje, kuma za su nemi takardar shaida bayan ka saya. Akwai 'yan kaɗan, irin su Marshmallow, da suka gina kasuwancinsu kan sababbin zuwa, suna duba tarihin tuƙin mutum na ƙasarsu. Ya cancanci a gwada su kai tsaye a kwatanta.

Adireshi shi ne inda motar take kwana, ba gidan ɗan uwa da ke unguwa mai sauƙin farashi ba. Babban direba shi ne wanda ya fi tuƙa motar. Sa sunan yaya ko kawu a matsayin babban direba alhali ƙane ne ke yawo da ita kullum zamba ce a dokarsu, komai kyawun niyya. Abin da ya halatta, kuma yakan rage kuɗi, shi ne kai ka tsaya a babban direba ka ƙara wani mai daɗaɗɗen lasisi mai tsabta wanda da gaske zai riƙa taɓa motar jefi-jefi. Sunan sana'a ma yana motsa farashi. Idan sunaye biyu a jerinsu duka sun dace da aikinka da gaskiya, gwada kowanne ka ɗauki mai sauƙi. In ɗaya ne kawai ya dace, shi ke nan.

Da jerin ya fito, kada idonka ya tsaya kan lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe. Duba kason da za a bar maka ka biya da kanka idan an yi hatsari, wanda suke kira ekses. Kashi biyu ne: na dole da kamfani ya yanka, da na ganin dama da kai ka zaɓa, kuma haɗa su ake yi. A ce na dole fam 350 ne, kai kuma ka ja na ganin dama zuwa 500 don farashi ya sauka. Ranar da ka goge motar a bango, fam 850 na farko daga aljihunka zai fito. Idan motar duka ba ta wuce fam 2,000 ba, ka ga abin da ya saura na amfanin inshorar. Ka sa abin da za ka iya fitarwa a yau ba tare da ka ci bashi ba. Duba kuma ko akwai gyaran gilashin gaba, da motar aro lokacin da taka take gareji, da kuɗin da suke caja idan ka canza adireshi ko mota a tsakiyar shekara. Masu zama na farko a jeri sau da yawa nau'in da aka zare wa waɗannan ne. Kada kuma ka ɗauka inshorar da ke biyan wanda ka buge kawai ita ce mai araha. Sau da yawa cikakkiya ta fi ta sauƙi, don direbobin da suka fi haɗari su suka fi rububin waccan.

Biyan wata-wata yana da abin dubawa, musamman ga mai gudun riba. A mafi yawan kamfanoni bashi ne: suna ranta maka kuɗin shekara, ka riƙa biya da ruwa, kuma ruwan sau da yawa yana tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari a shekara. A kan inshorar fam 900, wannan ƙarin kimanin fam 100 ne. Jera sakamakon bisa kuɗin shekara, sannan ka buɗe wanda ka zaɓa ka duba jimillar abin da za ka biya in ka rarraba. Wanda zai iya, ya fara ajiye kason kowane wata tun yanzu don baɗi ya biya a dunƙule. Akwai 'yan kamfanonin da ke rarrabawa ba ruwa, sai an tona ake ganin su.

Ƙorafin da aka fi ji daga masu amfani da shafukan shi ne farashi ya canza da suka danna suka shiga shafin kamfanin. Dalilin yawanci ɗaya ne cikin uku: kamfanin ya duba bayananka a rumbunan da suke da su ya ga wani hatsari ko maki da ba ka ambata ba, ko an liƙa maka ƙarin kaya kamar jan mota idan ta mutu da kuɗin lauya, ko amsar da ka bayar ba ta ƙetara daidai ba. Na ukun nan ya fi haɗari, domin bayanan da ke takardar kamfanin su za a kama ka da su. Kafin ka biya, karanta kowane layi a shafin kamfanin kansa: ranar haihuwa, nau'in lasisi, mil nawa a shekara, ranar da ka shigo ƙasar. Kana da kwana 14 na janyewa, amma za su cire kuɗin kwanakin da suka rufe ka, galibi har da ɗan kuɗin ofis.

Taurarin da mutane ke ba shafukan a wurare irin su Trustpilot ba sa gaya maka abin da kake buƙata. Yawancin masu rubutun sun rubuta ne minti biyar bayan sun saya, suna murnar fom bai ba su wahala ba. Ingancin inshora ranar neman diyya ake saninsa. Karanta sharhin kamfanin da kansa, ka nemi na waɗanda suka yi hatsari.

Akwai kuma dillalan bogi, kuma a cikin baƙi suka fi farauta. Wani zai bayyana a zauren WhatsApp ko Instagram, wani lokaci da harshenka yake magana, ya ce zai samo maka inshora rabin kuɗi. Abin da yake yi shi ne ya saya da bayanan ƙarya, ko ya saya da gaske ya turo maka takarda sannan ya soke ya karɓe kuɗin, ko ya ƙirƙiri takardar gaba ɗaya. Ganin lambar motarka a askMID, shafin da ake duba ko mota tana da inshora, bai wanke shi ba, don tana iya fitowa yau ta ɓace mako mai zuwa. Duk mai sayar da inshora dole sunansa ya kasance a rajistar FCA. Duba can, sannan ka kira kamfanin da lambar da ke shafinsu ka sa su karanto maka bayanan da aka shigar da sunanka.

Wuta da gas sun fi sauƙi in ka riƙe abu ɗaya: kwatanta da yawan abin da kake ƙonawa a shekara, kilowat nawa, wanda ke rubuce a takardar bil, ba da kuɗin da ake cire maka a wata ba. Kuɗin wata ƙiyasi ne, kamfani yana iya sa shi ƙasa don ya burge ka, bashi ya taru. Rufin farashi na hukumar kula da wuta da gas, Ofgem, wanda ya fara a Janairu 2019 kuma yanzu ake sabunta shi duk wata uku, ya ƙayyade kuɗin kowane kilowat ne da kuɗin tsayuwa na kullum. Bai ƙayyade jimillar bil ba, wanda ya ƙona da yawa zai biya da yawa. Wasu shafukan suna fara nuna maka kamfanonin da za su iya mayar da kai wurinsu ne kawai, sai ka nemi maɓallin da ke buɗe kasuwar duka. Duba kuɗin fita kafin wa'adi, kodayake ba a cajin sa idan saura kwana 49 ko ƙasa yarjejeniyar ta ƙare. Ranar sauyi ka ɗauki hoton mita. Ɗan haya da ke biyan kamfani da kansa yana da ikon sauyawa. Arha kuma ba ta nufin ƙarfi: a 2021 ƙananan kamfanoni kusan talatin suka durƙushe da farashin gas ya haura, aka kwashe abokan cinikinsu zuwa wasu kamfanonin, da yawa a kan farashi mafi tsada.

A intanet na gida, tara kuɗin watannin yarjejeniyar duka, yawanci 18 ko 24, haɗe da kuɗin haɗawa. Tun 17 ga Janairu 2025 hukumar sadarwa, Ofcom, ta wajabta a rubuta ƙarin kuɗin tsakiyar wa'adi da fam da kwabo tun ranar sa hannu, don haka lissafin yana yiwuwa. Ɗalibin da bizarsa saura shekara ɗaya kada ya sa hannu kan wata 24.

Katin bashi da rance suna da tarko guda: ruwan da aka tallata, doka ta ce kashi 51 cikin ɗari na waɗanda aka amince wa ne kawai dole su samu, sauran ana iya ba su mafi tsada. Kowace cikakkiyar nema tana barin sawu a tarihin bashinka, kuma nema uku ko huɗu a jere suna sa bankuna su ja baya. Yi amfani da ma'aunin cancanta da shafukan ke da shi, wanda leƙe kawai yake yi ba ya barin sawun da masu ba da bashi za su gani. 'Yan Najeriya da Ghana da Kamaru masu izinin zama suna iya shiga rajistar masu zaɓe a matsayinsu na 'yan ƙungiyar Commonwealth, kuma hakan yana taimaka wa kamfanoni tabbatar da adireshinsu.

Aika kuɗi gida ma ana kwatanta shi, a shafuka irin su Monito, kuma ma'aunin ɗaya ne tak: naira nawa za ta sauka a asusun wanda ka aika wa. A ce za ka tura fam 300. Kamfani na farko ya ce babu caji, yana ba da naira 1,950 kan fam ɗaya, za a karɓi 585,000. Na biyu yana cire fam 2 amma yana ba da 1,995, za a karɓi 594,510. Mai "kyauta" ya rage wa Hajiya fiye da naira dubu tara. Farashin tarbar sabon shiga na turawar farko ne kawai, sake dubawa a ta biyu.

Kuɗin da TopCashback da Quidco ke mayar maka idan ka saya ta kansu, a ɗauke shi gyara bayan an gama awo. Yana iya ɗaukar watanni, yana kuma iya ɓacewa idan kukis ɗin wani shafi, wato alamomin da ke nuna ta inda ka biyo, suka riga nasu. Ga fom ɗin kwatantawa kuwa, cire alamar amincewa da tallace-tallace, in ba haka ba waya da imel ba za su huta ba.

Idan rigima ta taso, da kamfanin da ya sayar maka za ka yi, shafin ya riga ya karɓi la'adarsa ya koma gefe. Rubuta musu ƙorafi, ka kira shi ƙorafi a fili, ka ajiye kwafi da kwanan wata. Suna da sati takwas su ba ka amsa ta ƙarshe. In ba su amsa ba, ko amsar ba ta gamsar da kai ba, kai maganar ofishin sasanta rigingimun kuɗi, Financial Ombudsman Service, cikin wata shida daga ranar amsar. Kyauta ne, ba a buƙatar lauya, kuma idan ka karɓi hukuncinsu dole kamfanin ya bi. Rigimar wuta da gas tana da nata ofishin, Energy Ombudsman. Abin da za su fara nema shi ne shaida, saboda haka tun ranar saye ka ɗauki hoton allo na amsoshin da ka cika a shafin kwatantawa da na farashin da aka nuna maka, ka tura wa kanka ta imel tare da takardar da kamfanin ya aiko.